Ƙafar Inna a Bangon Ofis

An rufe ofishinmu a makon jiya, kuma ban ga wanda ya yi kuka ba. Ni ma ban yi ba. Na daɗe da yin ritaya, sai dai nakan leƙa jefi-jefi in sha shayi in ba yaran da ke aiki a wurin labaran da ba su tambaye ni ba. Ƙasashen da suke aiko da tallafi sun ce sun gaji, wai su ma suna da nasu matsalolin a gida, saboda haka ƙungiyarmu, wadda ta ƙare rayuwarta tana roƙonsu kada su manta da talakan duniya, ita ce aka fara mantawa da ita. Wata yarinya daga cikin ma'aikatan ta bugo mini waya ta ce, "Baba, in kana da wani abu a ofis ka zo ka ɗauka, gobe mai gida zai karɓi makullinsa." Na ce mata ba ni da komai a can. Na ajiye wayar na ci gaba da kallon masu tura kurar ruwa suna wucewa ta ƙofar gidana a Dutse Alhaji. Sai daga baya zuciyata ta ce mini ƙarya na yi. Akwai abu ɗaya a bangon ofishin nan, ba nawa ba ne, aronsa na yi wurin mahaifiyata, kuma ban mayar ba.

Ƙauyenmu yana bayan Karshi, a lokacin da Abuja ba ta wuce labarin da direbobin tifa ke kawowa ba. Mahaifina Bazazzagi ne, ya zo da tireda ya zauna, ya auri Inna, 'yar Gbagyi, ya rasu ina ƙarami ya bar mu da kwalaben alewa babu alewa. Garin ba shi da girma, amma yana da sauti. Da asuba ladan ya yi kira daga ɗan masallacin 'yan kasuwa, can an jima a buga ƙarfen da aka rataye a bishiyar coci, a tsakaninsu kuwa sai ƙarar tsintsiya. Kowane gida shar, shar, shar, amma ta Inna daban take, gajeriya ce mai sauri, kamar tana faɗa da ƙasar. Daga nan sai luguden turmi, sai mata su bi layi zuwa kududdufi da ƙwarya a kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. Yanzu abin da ke tashe ni da safe janareton maƙwabci ne da hon ɗin 'yan acaɓa, kuma shara sai ranar da aka ce jami'an tsafta na zagaye.

Inna mace ce mai tsananin kiyaye mutunci. Hausarta ba ruwanta da namiji da mace, kowa "ya" ne a wurinta, mukan yi mata dariya ta bi mu da muciya. Amma a kan baƙo ba ta wasa. Ko ranar da muka kwana da ruwan kunu kawai a ciki, in aka yi sallama sai ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmar da mu ba ma taɓawa, ta nemo abin da za a sa a baki ko da a maƙwabta ne. Takan ce mini, "Baƙo ya zo ganin mutane ne, bai zo ganin ciwonku ba. Ciwo a ɗaki ake ajiye shi." Tana da atamfa ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, wadda mahaifina ya kawo mata daga Zariya. Tana can ƙasan akwati da ƙamshin kafur, ba ta fitowa sai baƙi na nesa sun zo. In ka ga atamfar nan a kan igiya tana shan iska, ka san gobe akwai manya a gari.

Ciwon da muke ajiyewa a ɗaki kuwa shi ne kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, kuma na gode wa Allah da ba su sani ba. Tsutsa ce da ake sha a ruwan kududdufi, ta kwana shekara a jikin mutum, sannan ta ɓullo a ƙafa, fara, siririya kamar zare. Ƙafa ta kumbura ta yi ta zugi kamar an ɗora garwashi. Ba a jan tsutsar da ƙarfi, in ta tsinke a ciki an shiga uku, sai dai a naɗe ta a jikin tsinke, kullum a murza kaɗan, mako bayan mako. Mugun abin shi ne da damina take fitowa, daidai lokacin noma. Ƙato mai ƙarfi sai ya zauna a inuwa yana gadin tsinke, ciyawa na cinye masa doya.

Ina koyarwa a makarantar firamaren garin, saurayi mai wando ɗaya da Turanci mai yawa, sai wata mata ta zo daga Abuja a farar jif. Madam muke ce mata. Ta tara mu a ƙofar mai gari ta ce wasu Turawa za su zo, 'yan wata ƙungiya ce a ƙasarsu da ke matsa wa gwamnatinsu lamba ta taimaki ƙasashe matalauta. Za su zagaya ƙauyukan da ke fama da kurkunu, su koma gida su faɗi abin da suka gani, kuma ƙauyen da ya fi buƙata shi za a fara haƙa wa rijiyar burtsatse. Ni na yi mata tafinta, ban rage komai ba. Kowa ya ji, kowa ya gane. Tana juya baya mai gari ya dubi dattawa ya ce, "To, kun ji, baƙi daga bayan teku. Kada a ba mu kunya."

Kwana uku garin bai zauna ba. Aka yi gayya aka share hanya tun daga bakin rafi. Mata suka sake yaɓen ɗakunan da ke kallon hanya, suka yi musu ado da farar ƙasa. Aka kwaso bencina daga coci, tabarmi daga masallaci, aka yanka akuya biyu, aka tono doyar da aka ɓoye don iri aka kirɓa sakwara. Samari suka tafi Karshi a kan kekuna suka ɗauko ruwa mai kyau a jarkoki, don ba za a ba baƙo ruwan da muka san abin da ke cikinsa ba. Masu kurkunu kuwa, tun da sassafe aka goya su ɗaya bayan ɗaya aka kai su bukkokin gona a bayan dutse, aka bar musu ruwa da gasasshiyar masara. Inna ce ta shugabanci mata a wannan aiki, sanye da atamfarta, tana ba da umarni kamar kwamanda. Ni kuma na tsayar da ɗalibaina a layi, masu lafiyar ƙafa kawai, suka yi waƙar maraba.

Baƙin suka ci suka yi hani'an. Wani mai gemu ya yi ta ɗaukar hoton makaɗa. Wata ta riƙe hannun Inna ta ce ba ta taɓa ganin ƙauye mai tsafta haka ba, na fassara, Inna ta sunkuyar da kai don jin daɗi. Da suka tafi muka yi ta taya juna murna, an fita kunya. Bayan 'yan watanni muka ji ƙarar injin haƙa daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Su ranar da baƙin suka je rikicin gona suke yi a tsakaninsu, ba wanda ya kula ya yi shara, masu ciwonsu na zube a gindin bishiya ƙuda na binsu. Madam ta zo ta same ni a makaranta, ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Malam, me kuka yi mini haka? Na kawo mutane su ga ciwo, kun ba su sakwara!"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai baƙi ne."

Ta ce, "Baƙi ne masu rubuta rahoto. Sun rubuta cewa garinku na da ruwa mai kyau, don sun sha. Sun rubuta ba su ga mai kurkunu ko ɗaya ba. Ka ce in je in ce musu ƙarya suka gani?"

Damina ta gaba ta zo mana da muni. Kusan kowane gida akwai mai gadin tsinke. Doyar irin da muka kirɓa wa baƙi ta bar gurbi a gonaki, abin da aka shuka kuma babu mai nome shi. Inna ma ta kamu, tsutsa biyu a ƙafar dama, ɗaya a idon sawu ɗaya a ƙwauri. Matar da ba ta iya zama ta koma jan gindi daga ɗaki zuwa murhu, kuma a hakan take shara, tana zaune, iyakar inda hannunta ya kai. Matanmu suka gwada zuwa famfon ƙetare, amma da rafi ya cika sai hanya ta yanke. Cikin wannan hali Madam ta aiko cewa baƙin za su dawo, kuma in aka sake kuskure ba za ta iya kawo su karo na uku ba.

Na je gaban dattawa na faɗi maganar da ba a taɓa faɗa ba a garinmu. Na ce kada a yi shara, kada a yanka komai, kada a kai kowa bayan dutse. Dattawan suka dubi juna. Wani tsoho ya ce makaranta ta lalata ni. Wani ya ce gara ya mutu da tsutsa da a ce garinsu ya tarbi baƙo da ƙazanta. Na yi ta magana, don a lokacin bakina na da kaifi, har mai gari ya ce to, an yarda a bar shara. Amma da aka zo kan wanda zai zauna a waje ya buɗe ƙafarsa a ɗauki hoto, kowa ya kalli ƙasa. Kawuna, wan Inna, ya ɗago ya ce, "Kai da ka kawo shawarar, ai akwai mai ciwo a gidanku. Fara da can."

Da la'asar na shiga gida na tarar da atamfar a kan igiya. Ta ji baƙi za su zo, ta ja jiki ta buɗe akwati ta fito da ita, ban san yadda ta yi ta rataye ta ba. Na tsuguna kusa da ita na yi mata bayani, ina kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Wato in zauna a waje."

Na ce, "I, Inna."

"Da zanen gona."

"I."

"Ƙafa a buɗe, namiji baƙo ya tsaya yana kallo."

Na ce, "Inna, don ruwa ne. Don yaran garin nan."

Ta daɗe tana kallon igiyar. Sannan ta ce, "Wannan mata ya gaya maka in sun ga ƙafana ruwa zai zo?" Na ce haka ta ce. Ta ce, "To ji nan. Hoton, aro ne na ba ka. Su kai can su nuna wa sarkinsu. Ruwa ya zo, ka karɓo ka dawo mini da abina, in sa a wuta." Inna hoto ɗaya ta taɓa sani, na mahaifina, kati ɗaya da ke cikin akwatinta, in yana hannunka to ba ya hannun wani. A tunaninta haka kowane hoto yake. Ni na san ba haka ba ne, ko da ban san iyakar abin ba. Na ce mata, "Na yi alkawari." Ta ce in sauke atamfar in mayar akwati, don ita hannunta ba zai iya ba.

Ranar da suka zo, tsakar gidanmu na cike da ɓawon gyaɗa da kashin kaji na kwana biyu. Inna ta zauna a bakin ƙofa da tsohon zanen da take zuwa gona da shi, ta miƙe ƙafar, tsinkaye biyu na rataye. Mai gemun nan ya durƙusa yana ta ɗauka. Ya ce in gaya mata ta ɗora ƙwarya a ka, mutanen ƙasarsu sun fi gane hakan. Na fassara. Ta ce, "Gaya masa ƙafa na ba da aro, ban ba da kai ba." Ban fassara wannan ba, na ce masa wuyanta na ciwo. Ba ta kalli na'urarsa ko sau ɗaya ba, ta kawar da fuska gefe. Shekaru bayan haka na sha jin manyan mutane a manyan ɗakunan taro suna cewa dubi yadda matar nan ke hangen nesa, tana jiran taimakon duniya. Ni na san abin da take kallo. Tsintsiyarta ce, jingine da bango, inda na ajiye ta don kada hannunta ya kai. Da suka juya za su fita ta jawo bakin wandona ta ce a hankali, "Ko kunu ba za a ba su ba?" Na ce a'a. Na ga wannan a'a ta fi tsutsar yi mata zafi.

Ruwa ya zo, wannan gaskiya ce kuma ba zan ɓoye ta don ina fushi ba. Kafin damina ta sake zagayowa aka kafa mana famfon tuƙa-tuƙa a tsakiyar gari, ƙarar ƙarfensa ta shiga cikin sautukan safiya, ƙiƙi-ƙaƙa tun daga fitowar rana. Cikin 'yan shekaru kurkunu ya zama labari. Inna ta warke, sai tabo biyu. Aka ce hoton ya yi aiki a can ƙasarsu, an nuna shi a majalisarsu, an ƙara abin da ake warewa don rijiyoyi, ƙauyuka da yawa da ban taɓa takawa ba sun sha ruwa albarkacin ƙafar Inna. Madam ta ce ina da basira, ta ɗauke ni aiki a Abuja. Na bar alli na sa kwat.

Aikin da na ƙware a kai shi ne wanda na fara a gidanmu. Ni ake turawa gaba kafin baƙi su iso kowane ƙauye, in zauna da dattawa in koya musu kada su yi shara. Na iya lallashi. Na san inda ake taɓa mai gari ya yarda a fito da marasa lafiya, na san yadda ake ce wa mace ta mayar da zanenta mai kyau ba tare da ta zage ni ba. Sauran lokacin muna otal-otal muna taron yaƙi da talauci, da sanyin na'ura da naman kaza, ko muna ƙofar majalisa da riguna masu rubutu muna ɗaga kwalaye, ko muna jere a falon wani jakada muna roƙon ƙasarsa kada ta rage abin da take bayarwa. Ban ce aikin banza ba ne. A lokacin mun yarda da shi, muna tafiya har inda mota ba ta zuwa, muna kwana a aji. Ma'aikatan baya-bayan nan kuwa a waya suke yaƙi da talauci, wani bai taɓa shan ruwan kududdufi ba balle ya san warinsa. Amma ba ni da bakin yi musu gori, don duk inda muka je, hoton Inna na gabanmu, an ƙara masa girma har ya fi ta tsawo. Nakan tsaya a ƙarƙashinsa da sandar nuni in ce, "Wannan baiwar Allah, daga wani ƙauye." Madam ce kaɗai ta san ko wace ce, kuma da ta bar aiki ta tafi da sanin. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kunya nake ji, ni mai kwat, a ce waccan mai zanen gona ita ta haife ni.

Duk zuwan da na yi gida, bayan gaisuwa, tambayarta ɗaya ce: "Ina kayana?" In ce yana hanya. Da na gaji da wannan amsa sai na sa aka wanko mini ƙarami ɗaya na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta ko duba ba, ta jefa a murhu ta tsaya har ya cinye. Ranar ta yi mini sakwara da kanta, ta sa mini albarka, ni kuwa na san ƙarya na kai mata. Aka yi wata da watanni tana cikin farin ciki. Sai wata ranar kasuwar Karshi ta shiga shagon wani Bakano mai sayar da magani, ta ɗaga kai, ga ta a bango, a jikin kalandar da ƙungiyarmu ta raba. Ƙafa a buɗe, tsinkaye biyu, ɓawon gyaɗa. Mai shagon ya dube ta ya dubi bangon ya ce, "Mama, ashe ke ce! Kin yi suna fa." Mutane suka taru suna kwatantawa.

Ta aiko aka kira ni. Na same ta zaune a tsakar gida, a share tas kamar kullum. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wanda na ƙona fa?" Na fara bayanin yadda ake wanke hoto da yawa daga guda ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ka sani tun ranar?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Shi ke nan. Tashi ka ci abinci, ka yi tafiya mai nisa." Daga ranar ba ta sake taka kasuwar Karshi ba, ba ta je Karu biki ko suna ba. In aka yi baƙi na nesa a gari sai ta shige ɗaki ta ce a ce ba ta nan, matar da a da ita ke gaba.

Na koma ofis na sami sabon ogan da ya gaji Madam. Na ce masa matar da ke hoton nan tana raye, ta warke tun tuni, garinsu na da ruwa, ya kamata a sauke shi. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ka fi kowa sanin aikin nan. Wa zai ba da tallafi don ya ga mace mai lafiya? Wannan hoton shi ke buɗe mana ƙofa, leave it." Kalma ɗaya ta rage in faɗa, in ce uwata ce. Ta zo har bakina. Na ce, "To, oga," na fita. Ga albashi, ga 'ya'ya a makaranta, ga taro a ƙasar waje da aka sa sunana. Na sha gaya wa kaina cewa saboda ƙauyukan da ba su samu ruwa ba na yi shiru. Wani ɓangare gaskiya ne. Sauran tsoro ne da son kwat.

Da ta rasu, bayan an share makoki, ƙanwarta ta kira ni ɗaki ta miƙo mini ƙunshi. Ƙamshin kafur ya riga gaya mini abin da ke ciki. Ta ce, "Tun ranar da Turawan nan suka zo ba ta sake ɗaura atamfar nan ba. Ta ce a ba ka, wai kai ka san ranar da ya kamata ta ɗaura." Na kawo shi Abuja na tura ƙasan akwatina, na yi ƙaura da shi gida uku ban buɗe ba. Garin namu ma yanzu ba gari ba ne. Katangun masu filaye sun zagaye shi, gonakin doya sun zama fulotai, famfon ya lalace an cire kansa an sayar wa masu gwangwan, jikokin waɗanda suka yi rawa ranar da aka kafa shi suna sayen ruwa a jarka kamar yadda nake saye a nan.

Washegarin wayar nan na shiga motar haya na je ofis. Kujeru an ɗora su kan juna, takardu a buhuna, an riga an cire allon ƙofa. Hoton na nan a inda yake, ya koɗe, gilashinsa ya tsage a kusurwa. Yarinyar da ta kira ni tana naɗe wayoyin kwamfuta. Na ce mata wannan na zo ɗauka.

Ta ce, "Ah, ɗauka kawai Baba, dama zubarwa za mu yi. Ai yana ko'ina online, in kana so in turo maka mai kyau." Ta latsa wayarta ta nuna mini. Ga Inna, ga Inna, ga Inna, shafi bayan shafi, a harsunan da ban iya karantawa ba. A ƙarƙashin wani an rubuta sunan wata ƙasa daban, wadda Inna ba ta taɓa jin labarinta ba. Na tambaye ta ko akwai yadda za a yi a goge su. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Baba, abin da ya shiga nan ba ya fita. Ka san ta ne?"

Na ce, "Mahaifiyata ce."

Ta saki wayoyin da ke hannunta. Ta ce, "Innalillahi. Baba, shekara nawa kana wucewa ta gabansa?" Na nufi bangon. Ita ta hau kujera ta sauko mini da shi, ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta riƙe mini har bakin titi. Wannan shi ne karo na farko da na faɗi kalmar a cikin ginin nan, ranar da babu sauran wanda faɗin zai sa ya sauke komai.

Ban ƙona shi ba. Na yi niyya, na ma sayo ashana, sai na ga in na ƙona wannan, ƙaryar farko zan maimaita, in ce na dawo da abin da ban dawo da shi ba. Na share ɗakina da kaina, na hana jikata ta karɓi tsintsiyar. Na kafa ƙusa na rataye shi. Na buɗe akwati na fito da atamfar, na shanya ta a igiya ta sha iska wuni guda kamar yadda ake yi mata, sannan na lulluɓa ta a jikin hoton daga ƙugu zuwa ƙasa, na soke gefen yadda take sokewa. Yanzu wanda ya shigo fuskarta kawai yake gani, da shuɗin zanenta mai ganye. In ya tambaya in ce Innata ce, in sa a kawo masa kunu kafin ya zauna.

A ɗakina kaɗai ke nan. Sauran da ke yawo a duniya, har gobe tana zaune a cikin ɓawon gyaɗa da ƙafa a buɗe, tana jiran ɗanta ya dawo mata da abinta.